In Sabis Ya Ɗauke, Ina Lissafinka Yake? Darasi Daga Hartum Da Umdurman

Wata ranar Alhamis a kasuwar Maigatari na tarar da dattawa biyu suna ta da jijiyar wuya a bakin wani sito, jama'a sun yi musu zobe. Ɗaya na cewa buhu 45 na zoɓo ya aiko daga tsallaken iyaka, ɗayan na rantsuwa buhu 40 aka gaya masa, kuma kuɗin 40 ɗin ya tura. Da aka ce kowa ya kawo shaidarsa, sai kowannensu ya zaro waya. Na farko ya ce maganar tana cikin saƙon murya, amma ya canza waya a watan jiya, saƙonnin ba su biyo shi ba. Na biyu ya shiga lalube cikin ɗaruruwan saƙonnin murya, yana kunna wannan yana kashe wancan, ga sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Har aka kira La'asar ba a gano saƙon ba. Mutanen nan biyu sun fi shekara 20 suna hulɗa, amma ranar ba su yi sallama da juna ba.

Wannan abu ne ya tuno mini da wani ɗan ƙaramin ofis a Hartum, babban birnin Sudan, da wasu tsofaffin manhajojin kwamfuta waɗanda yaran yanzu ko sunansu ba su taɓa ji ba. Ra'ayina, wanda nake so in kare a wannan fili, shi ne cewa mutanen da suka yi aiki da waɗancan manhajoji sun fi mu iya tsare magana da lissafi, duk da cewa kayan aikinmu sun fi nasu nesa ba kusa ba. Kuma abin da ya faru da 'yan kasuwar Hartum da Umdurman a 'yan shekarun nan ya isa ya sa mu koma mu ɗauko tarbiyyar da muka yar.

Mai karatu ya san Sudan ba baƙuwar ƙasa ba ce ga Bahaushe. Ta nan kakanninmu suka riƙa bi da ƙafa zuwa aikin Hajji, daga Kano zuwa Borno, su ratsa Cadi, su shiga Darfur, su bi ta Al-Ubayyid har Umdurman, kafin su kai bakin Bahar Maliya. Da yawa sun yada zango ba su tashi ba. Garin Maiwurno da ke gaɓar kogin Nilu, kusa da Sinnar, Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi da jama'arsa, bayan yaƙin Burmi na 1903. Har tsiren da ake sayarwa a titunan Hartum sunan Hausa ya riƙe, agashe ake ce masa. Ni kaina karatu ya kai ni can a tsakiyar shekarun 1990, kuma a Umdurman na zauna, hannun wani Alhaji mai cinikin ƙaro da riɗi da zoɓo. Da yake ina ɗan taɓa Turanci, ni nake rubuta masa wasiƙun da zai aika wa masu sayen kayansa a ƙasashen waje.

A lokacin babu intanet a Sudan, domin sai wajen ƙarshen shekarun 1990 ta shiga hannun jama'a ta kamfanin Sudanet. Wayar tarho ta girke ce kawai, ita ma ba kowane gida ba, kuma kiran ƙasar waje da minti ake biyansa, da tsadar gaske. Akwai teles, akwai fakis. Amma wasu ofisoshi ƙalilan suna da wata hanya ta uku, wato haɗa kwamfuta da layin tarho ta wani ɗan akwati da ake kira modem. Aikin akwatin nan shi ne ya juya rubutu ya koma ƙara, ƙarar ta bi waya, wani akwatin a can ɗaya ɓangaren ya mayar da ita rubutu. Ita kuma manhajar da ke tuƙa wannan aiki, ita ce ke buga lamba, ta gaisa da ɗaya kwamfutar, ta miƙa fayil, ta karɓi fayil. Fitattu a cikinsu su ne Kermit da Procomm da Telix. Daga baya kamfanin Microsoft ya saka irinsu mai suna HyperTerminal a cikin Windows 95, aka ci gaba da samunta har zuwa Windows XP.

A irin wannan ofis, kusa da kasuwar Suƙ al-Arabi, Alhaji yake da wani aboki akawu, Bahaushen Sudan ne wanda iyayensa suka fito daga Maiwurno. Ranar da na fara zuwa, na zauna gaban kwamfutar na ce ya buga lambar in fara rubutu. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Malam ƙarami, ba a tunani a kan layi. Rubuta abinka tukuna, ka karanta wa Alhaji, ka gyara, sannan mu buga." Ya buɗe mini wata manhajar rubutu mai shuɗiyar fuska, wadda ba ta san hoto ba, ba ta san ado ba, haruffa ne da lambobi tsagwaronsu. Na rubuta, na karanta wa Alhaji, ya ce in cire gaisuwar da ta yi yawa, in sa nauyin kaya da farashi da ranar lodi kowanne a layinsa. Muka adana a faifai, aka buga kwafi a takarda. Sannan akawu ya buga lamba, akwatin ya yi kururuwarsa, kafin in gyara zama ya ce an gama.

Ga lissafin abin. Modem mai gudun 2,400, irin wanda ya yawaita a wancan zamani, yana tura kimanin haruffa 240 a cikin daƙiƙa ɗaya. Wasiƙa mai shafi guda, mai haruffa 2,000, ba ta kai daƙiƙa 10 a kan layi. Amma hoto guda na wayar zamani, mai nauyin megabait 2, da zai ɗauki sama da awa biyu a kan wannan layin. Ma'ana, hoton rasit ɗaya da kake turawa yau nauyinsa ya kai na wasiƙa 1,000. Tsada ce ta koya wa mutanen da su tace magana, kuma magana tatacciya ba ta cika jawo gardama ba.

Abu na biyu da ya burge ni shi ne yadda manhajojin suke tabbatar da cewa saƙo ya isa lafiya. Layin tarho na wancan lokaci cike yake da ƙara da yankewa, harafi ɗaya kuwa in ya canza a cikin lamba, ciniki ya lalace. A 1977 wani Ba'amurke a Shikago mai suna Ward Christensen, wanda ya rasu a 2024, ya fito da ƙa'idar da aka sani da XMODEM. Ba ta tura fayil gaba ɗaya. Tana yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa haruffa 128, ta sa wa kowacce lamba, ta kuma haɗa ta da wani ɗan jimlar lissafi na abin da ke cikinta. In gunduwa ta isa, kwamfutar da ke karɓa sai ta sake yin nata lissafin. In ya yi daidai ta ce na karɓa, turo ta gaba. In bai yi daidai ba ta ce sake turo wannan. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan tirela ana sauke kaya, yaron mota na ƙirga, yaron shago na amsawa, ya san wannan tsari. Ba a ɗaga buhu na biyu sai an amsa na farko.

A 1981, a Jami'ar Columbia da ke birnin Niyok, Frank da Cruz da Bill Catchings suka ƙirƙiro Kermit, wadda aka sa wa sunan wani kwaɗon wasan yara na talabijin. Ita an gina ta ne don ta haɗa kwamfutocin da ba su jin yaren juna, kuma ta jure wa layi komai lalacewarsa. Jami'ar ta riƙe aikin har shekara 30, zuwa 2011. A 1986 kuma Chuck Forsberg ya fito da ZMODEM, wadda in layi ya yanke ana tsakiyar aiki, ba sai an koma farko ba, daga inda aka tsaya za a ɗora.

Abu na uku shi ne tafiyar zango-zango. A 1984 Tom Jennings ya kafa tsarin FidoNet, inda kwamfutoci ke tara wasiƙu da rana, in dare ya yi, lokacin da kira ya fi araha kuma layi ya fi sarari, sai su kira juna su miƙa, wannan ta ba waccan, har wasiƙa ta kai inda za ta. A farkon shekarun 1990 ƙungiyar GreenNet da ke Landan ta riƙa kiran irin waɗannan kwamfutoci a biranen Afirka tana kwashe musu wasiƙu zuwa sauran duniya. Haka nan ƙungiyar SatelLife, wadda likitan zuciya Bernard Lown ya kafa, ta shimfiɗa tsarin HealthNet don likitoci a ƙasashen Afirka da dama, har da Sudan, ta hanyar layin tarho da wani ɗan ƙaramin tauraron ɗan'adam da ke karɓar saƙo in ya gifta ta sama, ya sauke shi a wata tashar. Wannan ai shi ne yadda alhazan ƙafa suka riƙa kai wasiƙa tsakanin Kano da Umdurman, daga hannu zuwa hannu, kuma wasiƙa ba ta ɓata don ayari ya kwana a hanya. Duk waɗannan tsare-tsare an gina su ne bisa zato ɗaya: layi zai yanke, don haka a shirya masa tun kafin ya yanke.

Mu kuwa yau mun gina kasuwancinmu bisa zaton cewa sabis ba zai taɓa ɗaukewa ba. To, a tambayi mutanen Hartum. Bayan tarwatsa masu zaman dirshan a gaban hedikwatar soja ranar 3 ga Yunin 2019, an rufe intanet ta wayar hannu sama da wata guda. Bayan juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021 an sake rufewa fiye da mako uku. Sai kuma yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF. Bankuna suka rufe a Hartum, aka wawashe kasuwanni, ciki har da tsohuwar kasuwar Umdurman da Suƙ Libya, takardar kuɗi ta yi wuya, jama'a suka koma dogaro da tura kuɗi ta waya, musamman manhajar Bankak ta Bankin Hartum. Ana cikin haka, a watan Fabrairun 2024, layukan manyan kamfanonin waya uku, Zain da MTN da Sudani, suka ɗauke a mafi yawan ƙasar, ɓangarorin biyu na zargin juna. Mai kuɗi a banki ya kasa sayen burodi. Mutane suka riƙa bin layi wurin masu na'urar Starlink suna biya da awa don su aika saƙo ɗaya ko su karɓi kuɗi. Sai a Maris na 2025 soja suka sake karɓe Hartum, kuma wanda ya koma shagonsa ya tarar da toka, babu wanda zai gaya masa wa yake bi, wa ke binsa, sai abin da ya rubuta ya fita da shi.

Kada wani ya ce ai wannan Sudan ce. A watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya, da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato, saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka shafe makonni, wasu wuraren watanni. A farkon 2023, lokacin canjin takardun Naira, kowa ya ga yadda tiransifa ta riƙa maƙalewa, kuɗi ya fita daga wannan asusu bai shiga wancan ba. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da dama suka yi tsaye. Ban da wannan, ɗan kasuwar Jibiya ko Illela ko Kwanni ko Ɗan Isa ya san yadda waya ke yi a bakin iyaka, yanzu tana kan layin Nijeriya, an jima ta tsallaka na Nijar. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na san abin da wasu za su ce: Malam, so kake mu koma hawan jaki bayan mota ta zo? A'a. Kuma gaskiya ita ce, tsohuwar hanyar tana da nata aibin. Ta 'yan ƙalilan ce, masu ofis da layin tarho da Turanci. Rubutun Larabci ma wahala yake ba waɗancan manhajoji, balle ajami. Alhajin da na zauna hannunsa sai ya nemi akawu da ɗalibi kafin ya aika magana, alhali jikansa yau daga kan tabarma zai yi ciniki da Dubai ko Guwanzu. Saƙon murya kuma rahama ne ga wanda bai yi boko ba. Haka nan modem ɗin kansa layi yake bukata, da yaƙi ya same shi shi ma da ya yi shiru. Ba na kiran kowa ya je neman Kermit. Na'urar ta mutu, Allah Ya ji ƙan zamaninta. Tarbiyyar da ta koyar ita nake cewa a ɗauko, domin da tsohuwar zuma ake magani, kuma tarbiyyar nan ba ta bukatar komai sai wayar da ke aljihunka da littafi na Naira kaɗan.

Na farko, rubuta kafin ka aika. Ku yi maganarku ta murya yadda kuka saba, ku gaisa, ku yi tayi, ku yi ragi. Amma in an daddale, a sa shi a rubuce cikin layi biyar: rana, irin kaya, adadi, farashi da irin kuɗin, Naira ko Sefa, da sunan direba ko lambar mota. Wanda bai iya rubutu ba ya sa yaronsa ko ɗansa, a karanta masa ya ji kafin a tura, kamar yadda na riƙa karanta wa Alhaji. Ajami ma rubutu ne, a rubuta a littafi. Irin wannan saƙo gajere yana wucewa ko da sabis sanda ɗaya ne, kuma yana shiga cikin tes na haruffa 160 in intanet ta ƙi.

Na biyu, sa wa kowane saƙon ciniki lamba. In abokin hulɗarka ya ga na 17 bayan na 15, ya san akwai wanda ya ɓata a hanya, zai tambaya tun kaya ba su taso ba.

Na uku, kada a ɗauki shiru a matsayin amsa, kuma kada a ɗauki "to" a matsayin amsa. Wanda ya karɓi saƙo ya maimaita adadin da jimlar kuɗin da hannunsa: na ga saƙo na 17, buhu 45, kuɗi kaza. In da dattawan Maigatari sun yi haka, da tun ranar farko za a gane inda biyar ta maƙale. Haka nan hoton alat ba kuɗi ba ne. Kada kaya su bar sito sai ka ga kuɗin a asusunka da idonka, domin masu alat na bogi da hoto suke cin kasuwa.

Na huɗu, lissafinka ya zauna a hannunka, a wuri biyu. WhatsApp ɗan aike ne, ba a ba ɗan aike ajiyar dukiya. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, ana rufe layi. Kowane dare, ko aƙalla kowace ranar kasuwa, a kwafe cinikin ranar a littafi. Littafin ma wuta na cinsa, kamar yadda aka gani a Umdurman da kuma gobarar kasuwanninmu, don haka a ajiye kwafi na biyu a gida ko wurin ɗan'uwa a wani gari, ko a rubuce a katin memori da ba ya kwana a shago.

Na biyar, ku yi alkawarin hanya ta biyu tun ana zaman lafiya. In sabis ya ɗauke kwana uku, ta wane direba takarda za ta zo? A wane shago za a ajiye ta? Wace rana za a haɗu a bakin iyaka? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kira na musamman ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan kasuwa da na dillalai, daga Kamba har Maigatari, daga Maraɗi har Gamborun Ngala. Ku ne ake kawo wa ƙara in an saɓa, ku kuka san yawan zumuncin da saƙon murya ya raba. Ba zai gagare ku ba ku fitar da tsari guda na rubuta ciniki, ku buga shi a takarda da boko da ajami da Faransanci, ku ce duk cinikin da ya haura wani adadi sai da shi za ku saurari ƙara. Ku zaunar da matasa biyu ko uku masu ilimi a ofishin ƙungiya ranar kasuwa, su riƙa rubuta wa waɗanda ba su iya ba, a biya su ɗan abin da ya samu. Aiki ne ga yaranmu, kariya ce ga dukiyarmu. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tunda ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Akawun nan na Hartum ban san inda yaƙi ya jefa shi ba, ko yana raye ko ya riga mu gidan gaskiya. Amma na tuna ranar da zan dawo gida, na je yi masa sallama, na tarar yana jera faifai a cikin akwatin ƙarfe, kowanne da kwanan wata a jikinsa, ga fayil ɗin takardu a gefe. Na ce, "Yaya, ai duk suna cikin kwamfuta, wahalar me kake yi?" Ya ce, "Kwamfutar ta kamfani ce, layin na gwamnati ne. Wannan akwatin shi ne nawa."

Allah Ya kawo wa 'yan'uwanmu na Sudan zaman lafiya mai ɗorewa, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri, mu kuma Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya kare mu daga rigimar da alƙalami zai iya kashewa. Amin.